Mushe Isufu da Kayen Iri

Jiya da la'asar robon ɗaliban lisenmu, wato babbar sakandaren gari, ya sake tafiya a farfajiyar makaranta, karo na farko tun bayan rasuwar malamin da ya koya musu sarrafa shi. Ya bi baƙin layin da aka shata masa, ya ɗauki gwangwanin da aka ajiye a hanya, ya kai shi inda aka ce, ya tsaya. Yau kwana goma sha tara ke nan da Allah ya karɓi ran Mushe Isufu, wato Malam Isufu, malamin kimiyya a nan Filingue, kuma saura kwana shida a buɗe gasar robo ta ƴan makaranta a Yamai.

Labarin ya same ni ina cikin aji, ina tsakiyar darasin tarihi. Shugaban makaranta ya tsaya a bakin ƙofa bai shigo ba, ya yafuto ni da hannu. Ya ce yanzun nan aka kira shi daga Yamai. Isufu ya tafi can ne don ya rubuta sunan ɗalibansa cikin gasar, ciwon ƙirji ya kama shi a gidan da ya sauka, aka kai shi asibiti, ya kwana biyu, bai tashi ba. Na koma cikin aji na tarar yara sun riga sun gane, domin sun ga fuskar shugaban. Washegari motar da ta ɗauko gawarsa ta biyo hanyar Baleyara, muka raka shi ƙauyensu kusa da Tabla, muka sa shi a makwancinsa kusa da mahaifinsa.

Shekara goma sha ɗaya muka yi muna koyarwa a makaranta guda. Kafin in dawo gida in kama alli na taɓa aikin jarida, shi ya sa bai taɓa kirana da sunana ba, sai Ɗan Jarida. Idan na kawo masa labari a ɗakin malamai yakan ce, "Wa ya hwaɗa maka? Mutum nawa?" Da kayan aikina yake tsokanata. Sai daga baya na gane shi ya fi ni riƙo da wannan ƙa'ida.

Ga wanda bai taɓa ganin robon ba, girmansa bai wuce kwanon tuwo ba. Yana da ƙafafun roba, da hannu ɗaya, da ido biyu a ƙasa waɗanda ke bambanta fari da baƙi. Ba shi da wayon kansa. Ana rubuta masa jerin umarni a kwamfuta, abin da ake kira furogaram, sannan a zuba masa ta waya. Dokar gasar kuwa ita ce ba a shiga fili da robon da aka riga aka zuba wa umarni daga gida. Alƙalai suna share duk abin da ke cikinsa, kowace ƙungiya ta sa furogaram ɗinta a kwamfutar masu gasar, ta zuba wa robonta a gabansu. Ke nan dole aikin da yara suka yi wata da watanni suna yi a Filingue ya tashi daga wata kwamfuta ya sauka a wata, ya isa da lafiyarsa. Wannan ƙaura ita ta cinye hankalin Isufu a shekarunsa na ƙarshe.

Da farko abin bai da wuya. Ƙungiyar agajin da ta kawo mana robo biyu ta buɗe wa yara ma'ajiya a intanet, sai su ajiye a nan su ɗauka a can. Da sojoji suka karɓi mulki, aka rufe iyaka, wutar lantarki ta zama sai an yi sa'a, mutanen ƙungiyar suka tattara suka tafi, ma'ajiyar ta rufe bayansu. Wasu makarantu suka sa nasu robon a kwali. Isufu ya dubi abin da ya rage masa: tsohuwar kwamfutar makaranta, da kile, wato ɗan abin nan mai kama da ɗan yatsa da ake kwasar bayanai a ciki. Ya ce sun isa.

Ba su isa ba a karon farko, kuma ina wurin, don ni na raka su. Agogon tsohuwar kwamfutar batirinsa ya mutu. Duk lokacin da aka ɗauke wuta sai ta manta ranar da ake ciki, ta koma wata shekara can baya. A garin da ake ɗauke wuta sau da yawa a yini, wannan yana nufin aikin jiya zai iya ɗaukar kwanan wata mafi tsufa fiye da na watan jiya. Ba wanda ya lura. Ranar tafiya yara suka duba jerin, suka kwafi wanda kwamfuta ta ce shi ne na baya-bayan nan. A Yamai aka zuba shi, aka busa usur, robonmu ya yi taku kaɗan, ya isa kwanar farko, ya juya hagu inda ya kamata ya yi dama, ya fita fili, ya shige ƙarƙashin teburin alƙalai. Kuskuren da yara suka gyara tun wata biyu baya ne ya biyo su har babban birni. Zauren ya ɗauki dariya.

A hanyar dawowa mota ta tsaya a Baleyara. Balkisa, wadda a lokacin ita ce ƙarama cikinsu kuma ita ta kwafa, ta ƙi fitowa. Isufu ya sayo tsire, ya leƙa ta taga.

"Hito ki ci, ɗiyata."

"Mushe, ni na ɓata."

"Ke kin tambayi na'ura, ta yi miki ƙarya. Ni da na san ba ta da hankali na bar ki kina tambayarta, ni mi za a ce da ni? Hito. In kin bari Ɗan Jarida ya kai hannu, ko albasa ba ki samu."

Ta fito tana share ido tana dariya. Bai sake ta da maganar a gabanta ba. Amma a wannan mako ya zauna ya tsara yadda za a riƙa aiki, kuma bai sassauta ba har ya bar duniya.

Daga gonar mahaifinsa ya ɗauko tsarin. Ya ce idan an yi girbi tsohon yakan zaɓi zangarniyar gero mafi kyau ya ɗaure daban, ita ce iri, ba a dakawa ko da yunwa ta shigo. Kuma ba ya ajiye ta wuri guda: kashi ɗaya a rumbunsa, ɗaya wurin ƙanensa, ɗaya wurin surukinsa a wani ƙauye, saboda gobara da gara. Haka Isufu ya sa wa furogaram ɗin da aka tabbatar yana aiki suna iri. Ba mai taɓa iri. Wanda zai gwada sabon abu ya kwafa gefe ya yi wasansa. Ya daina yarda da kwanan watan kwamfuta, ya koma ƙidaya da kasuwar gari: irin kasuwa ta ɗaya, irin kasuwa ta biyu, haka har ranar gasa. "Na'ura tana mance rana," in ji shi, "amma ban taɓa ganin mutumin Filingue da ya mance ranar kasuwa ba."

Yana da wata magana da ɗalibansa suka haddace: "Kwahewa ba isowa ba ce." Ba ya yarda an ce furogaram ya ƙaura sai an sa shi a wata kwamfutar dabam, an zuba wa robo daga can, robon ya yi tafiya a gaban shaidu biyu. Don haka babu kwamfutar da bai roƙa ba a garin nan. Ya gwada a ta mai sayar da magani, ya gwada a ta Madam Zali mai buga takardu a bakin kasuwa, ya gwada a tawa. A haka yara suka gano abin da littafi bai faɗa musu ba. Furogaram yana da ƙananan fayiloli da yake jingina da su, idan aka bar su a baya sai ya isa sabon wuri ya ƙi motsi. Isufu yakan ce kamar mai tashi daga gida ne ya ɗauki turmi ya bar taɓarya.

Gidajen iri uku ne. Na ɗaya kwamfuta, na biyu kile. Na uku shi ne wanda muka yi ta jayayya a kansa: kaye, wato littafin rubutu, mai bango mai kauri, wanda washegarin kowace kasuwa yara ke kwafe furogaram ɗin a ciki da hannu, layi bayan layi, shafi bayan shafi. Shi ba ya rubuta ko harafi. Sai sun gama ya bi da jan bik, wato biro, yana dubawa. Na ce masa wannan azaba ce, yaran nan suna da jarrabawa a gabansu.

"Isufu, ana zamanin na'ura kai kana maida yara zamanin allo."

"Kai da kake koya musu sarakunan da sunka mutu tun kahin a haihi kakanka?"

"Kile yana ɗaukar wannan duka cikin ƙiftawar ido."

"Shina ɗauka. Amma bai san abin da ya ɗauka ba. Wanda ya rubuta da hannunai ya sani."

Ban yarda ba a lokacin, kuma na gaya masa ban yarda ba. Ya ce in rubuta a jarida.

Akwai wata rana da nake yawan tunawa. Gwaggonsa, ƙanwar mahaifinsa, tsohuwa ce da ta riƙe al'adar kakanni, kuma a ƙauyensu ita ake kira idan za a yi wasan bori. Ta zo gari ganin likita, ta sauka gidansa, ta tarar da yara suna gwaji a tsakar gida. Ta daɗe tana kallon robon yana kai da kawowa, sannan ta ce, "Isufu, wa ke bisa abin ga?" Da wani malamin ne, da ya yi dariya, ko ya kama wa'azi. Shi sai ya durƙusa kusa da tabarmarta ya ce, "Gwaggo, ba kowa. Maganar yaran ga ce anka zuba mishi." Ta ce, "In kun ɗauke maganar kun kai ma wancan ɗayan, shi ma shina tashi?" Ya ce, "In an kai ta duka." Ta gyaɗa kai ta ce ai ko a wajensu haka ne, kiɗan da aka rage ba ya kiran kowa. Ya yi ta ba da wannan labari, yana cewa Gwaggo ta gane cikin minti biyar abin da ya yi shekara yana koya mini.

A daminar da ta wuce tsawa ta ƙone tsohuwar kwamfutar makaranta. Tun daga nan yara suka koma aiki da tasa ta kansa, wadda yake zuwa da ita cikin jaka ya koma da ita gida. Kilen kuma yana aljihunsa lokacin da ya tafi Yamai, don yana son ya gwada shi a can tun kafin ranar gasa. Cikin kayan da aka dawo da su daga asibiti akwai hularsa da agogonsa da takardar rajista. Babu kile.

Bayan sadakar bakwai Balkisa, wadda yanzu ita ce shugabar ƙungiyar, ta zo ta same ni tare da Sumaila abokin aikinta. Wannan ce shekararsu ta ƙarshe a lise, ba su da wata gasar bayan wannan. Muka tafi gidan marigayin. Yayansa Mamman, manomi ne daga ƙauye, shi ke zaune a zaure yana karɓar gaisuwa, kuma ya riga ya sa kwaɗo a ɗakin da Isufu ke ajiye littattafansa da kwamfutarsa. Bayan mun yi addu'a na faɗi abin da ya kawo mu.

Ya saurare ni har na gama. Ya ce, "Mushe, ba ƙeta ba ce. Ɗiya huɗu ya bari, ƙaraminsu bai fara tahiya ba. Abin da ke cikin ɗakin ga duk nasu ne. Ko allura ba ta hita sai malamai sun zamna sun raba, bayan arba'in."

Na ce, "Yaya Mamman, ba ɗaukar na'urar za mu yi ba. Abin da ke ciki za mu kwafa, a gabanka."

"In kun kwahe, shina raguwa?"

"Ba ya raguwa."

"To abin da bai da daraja ne ya taso mutum ukku cikin ranar ga? Ni ban san shi ba, Mushe. Abin da ban sani ba kuwa ba ni bada shi daga dukiyar maraya."

Har yau ban ga laifinsa ba. Amana aka ɗora masa, ya riƙe ta da iyakar saninsa. Ko da ya buɗe ɗakin ma, babu wanda ya san kalmar sirrin da ke buɗe kwamfutar. Gida biyu cikin uku sun rufe.

Sai muka ji muryar Hajara, matar marigayin, daga bayan labule inda take takaba. Ta ce, "Yaya, kayen ba ya cikin ɗakin nan. Shina cikin ɗakin hatsi, cikin gwangwanin da ke bisa buhun iri. Can yake aje shi kullum." Aka aika aka ɗauko. Mamman ya karɓa ya ɗora a cinyarsa, ya ce wannan ma cikin gidan aka same shi, hukuncinsu ɗaya. Hajara ta ce, "Buɗe ka gani tukuna."

Ya buɗe. Ya yi ta juya shafuka a hankali da babban yatsa. Can ya ɗago.

"Ban yi karatun lakwal ba," in ji shi, "amma shekara talatin ina amsar takardar Isufu ana karanta mini. Rubutunai kwance yake, kamar geron da iska ta bi. Wanga tsaye yake. Hannun wa ne?"

Balkisa ta ce, "Nawa ne, Baba. Wancan shahin na Sumaila ne."

"Duka?"

"Duka, Baba. Mushe bai yarda ya rubuta muna. Kayen ma na ajinmu ne, makaranta ta ba mu."

Ya sa aka kawo bik da takarda, ya ce ta rubuta layi ɗaya a gabansa. Ta rubuta. Ya ajiye kusa da shafin, ya duba wannan ya duba wancan. Ya sa Sumaila ma ya yi. Sannan ya nuna jan rubutun da ke gefe-gefe, ya ce, "Wanga ja ɗin nashi ne. Na gane shi." Ya rufe kayen. Sai ya ce, "Amma ku anka yi ma shi. Wanga ba gado ba ne, ajiya ce." Ya miƙa wa Balkisa kayen da hannu biyu. Sharaɗinsa ɗaya: ranar da abin zai yi tafiya a kira shi ya gani.

Yammaci huɗu suka yi a shagon Madam Zali, wadda ta ture aikinta gefe ta ba su kwamfutarta. Balkisa tana karantawa, Sumaila yana bugawa, idan ya gaji su sauya. Sun yi kurakurai, kwamfuta ta yi ta ƙin karɓa, amma kowane kuskure sun san inda za su neme shi, domin babu layin da bai taɓa bi ta hannunsu ba. A bayan kayen akwai jerin ƙananan fayilolin da furogaram ke jingina da su, da inda aka taɓa ajiye su a gari. Suna nan a kwamfutar Madam Zali tun gwajin da Isufu ya yi a kanta. Ina zaune ina kallonsu na tuna jayayyarmu, kuma babu wanda zan je in gaya wa cewa na janye maganata.

A shafin ƙarshe, irin kasuwa ta goma sha huɗu, suka ci karo da gurbi. Inda ya kamata a sa lambar da ke gaya wa idon robo iyakar fari da baƙi, babu komai, sai ɗan fili da aka zagaye da ja. Sumaila ya dafe kai ya ce shi ke nan, Mushe ya tafi da ita. Balkisa ta jawo kayen ta karanta ƙaramin rubutun da ke ƙasa, kalma huɗu da hannunsa: "A auna a can." Ta ce ai ya sha faɗa musu. Hasken farfajiyarmu dabam, hasken zauren Yamai dabam. Komai na furogaram yana iya ƙaura ban da wannan lamba. Ita sai wanda ya je da ƙafarsa ya auna.

Jiya suka auna ta farfajiyarmu. Shaidu biyu da ƙa'idarsa ta tanada, ni ne da Mamman, wanda ya baro ƙauye tun da hantsi. Da robon ya ajiye gwangwanin ya tsaya, yara ba su yi ihu ba. Mamman ya matsa kusa, ya sunkuya ya dube shi, ya ce, "To. Ya isa." Ya juya ya fuskanci bango na ɗan lokaci, muka ba shi wuri.

Allah ya jiƙan Isufu, ya yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, ya yalwata masa kabarinsa, ya sa abin da ya koya wa ƴaƴan mutane ya riƙa isa gare shi bai ragu ba. Allah ya ba Hajara haƙuri, ya raya ƴaƴansa huɗu cikin imani da ilimi, ya haɗa su da malamai irin mahaifinsu. Allah ya dafa wa Mamman a kan amanar da ke wuyansa, ya sanyaya zuciyar Gwaggo da ta ga tafiyar wanda ta goya. Mu kuma da muka rage a ɗakin malamai, idan tamu ta zo Allah ya sa mu cika da imani.

Furogaram ɗin yanzu yana kwamfutar Madam Zali, yana cikin sabon kile, yana cikin kaye. Dokar gasar ta ce ƙungiya ba ta shiga zaure sai da malamin da aka rubuta sunansa a rajista, kuma sunan Isufu ne a takardar. Shugaban makaranta ya aika wa masu gasar wasiƙa yana neman a yarda wani malami ya tsaya a madadinsa. An kama wa yaran wuri a motar Yamai ta ranar Juma'a. Har zuwa lokacin da nake wannan rubutu amsa ba ta iso ba.